Alkyabbar Bulus

Karatu: Filibiyawa 2:25-30, 4:10-19, 2 Timoti 4:9-21

Mu mutane ne da suka iya sallama. In ɗanmu ko 'yarmu ya ba da kansa domin aikin Ubangiji a wata ƙasa, mukan cika majami'a, mu ɗora masa hannu, a yi addu'a da harsuna, a yi annabci, mata su yi waƙa har rufin kwano ya amsa. A ɗauki baiko na musamman, a raka shi tasha. Duk wannan daidai ne, haka ikkilisiyar Antakiya ta yi wa Barnaba da Bulus. Amma ga tambayata gare ka yau: bayan wata shida, wa ya rubuta masa? Bayan shekara guda, wa ya san ko takalminsa ya tsinke?

Kada ka ɗauka aikin mishan na Turawa ne kaɗai. Tun 1975 aka kafa CAPRO a Zariya, tana aika 'yan Najeriya zuwa wasu ƙasashe, 'yan'uwanmu na ECWA kuma sun riga su farawa da EMS. Yau akwai 'ya'yan arewa da ke koyarwa da wa'azi a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, akwai waɗanda suka kai Cadi, wasu ma gaba da nan. Asibitin Galmi da SIM ta buɗe a 1950 har yanzu yana karɓar masu aikin sa kai. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ba su da albashin da za a kira albashi. Abin da suka dogara gare shi, bayan Allah, shi ne ikkilisiyar da ta aike su.

Buɗe 2 Timoti sura 4, ka karanta a hankali. Wannan tsohon da ke rubutu daga kurkuku, shi ne wanda aka ɗauke har sama ta uku. Shi ne wanda a Afisa ake ɗaukar ƙyallen da ya taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke. To, me yake roƙo a ƙarshen kwanakinsa? Alkyabbar da ya bari a Taruwasa a gidan Karbus, da littattafansa, da fatun rubutunsa. Yana roƙon Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin sanyi ya shigo. Yana lissafa waɗanda suka tafi: Dimas ya bi duniya, wasu aiki ya kai su wani wuri, Luka kaɗai ya rage. Ranar da aka fara gurfanar da shi gaban shari'a, ba wanda ya tsaya tare da shi.

Mu 'yan Fentikos muna bukatar mu daɗe a kan wannan sura. Mun saba ganin bawan Allah a kan bagadi, cike da Ruhu, sai mu ɗauka shi ba ya jin abin da muke ji. Shafewa ba ta hana mutum jin sanyi. Ba ta hana shi kewar mahaifiyarsa, ba ta hana zazzaɓi kama ɗansa da tsakar dare a garin da ba shi da dangi. Allahn da ya sa hankaki su kai wa Iliya abinci yana da ikon aiko mala'ika da alkyabba. Bai yi haka ba. Ya bar alkyabbar a Taruwasa, sai wani ɗan'uwa ya biya ta can, ya naɗe ta, ya ɗauko.

Na san abin da ke zuciyarka, domin ni ma a nan nake zaune. Za ka ce, “Mai bishara, mu da muke Badarawa da Shinkafi da Zurmi, mu ne ya kamata a aiko wa.” Gaskiya ce. Akwai gonakin da aka daina zuwa saboda 'yan bindiga. Akwai iyalan da suka sayar da abin da suka mallaka don fansar nasu. Wasu kujerun majami'a sun zama wofi domin masu su sun koma Ƙauran Namoda ko Gusau. Ba zan raina wannan ciwo ba.

Amma dubi ikkilisiyar Filibi. Tana cikin ƙasar Makidoniya, kuma a 2 Korantiyawa sura 8 Bulus ya shaida cewa ikkilisiyoyin wannan ƙasa suna cikin tsanani da matsanancin talauci sa'ad da suka yi kyautar da ta ba shi mamaki. Su ne suka aika masa taimako yana Tasalonika, ba sau ɗaya ba. Ya faɗa a fili cewa a farkon aikinsa, bayan ya bar Makidoniya, ba wata ikkilisiya da ta haɗa hannu da shi ta wannan hanya sai su. Da suka ji yana ɗaure, suka tara abin da suka samu, suka ɗora wa Abafaroditas. Yawancin malamai sun ce Bulus yana Roma a lokacin. In haka ne, tafiyar ta wuce kilomita 1,000, da ƙafa da jirgin ruwa. Abafaroditas ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa saboda wannan saƙo. Bulus kuwa ya kira kayan da aka kawo masa hadaya mai ƙanshi wadda Allah ya karɓa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Filibiyawa 4:19, ayar da muke son maimaitawa, wadda ke cewa Allah zai biya dukan bukatunmu, ba a sarari ta faɗo ba. Tana ƙarshen wasiƙar godiya ce, an rubuta ta zuwa ga matalautan da suka aika wa ɗan mishan kaya. Ba ina cewa ka aika ƙuli-ƙuli don Allah ya mayar maka da mota ba. Allah ba ɗan kasuwar Shinkafi ba ne da za a yi ciniki da shi. Ina cewa ne, in za mu ɗauki alkawarin aya ta 19, mu karanta aya ta 18 tukuna.

Mu kuma mun fi kowa sanin ciwon shiru. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya. Ka tuna yadda makonnin nan suka yi nauyi? Uwa ba ta san halin ɗanta ba, miji bai san halin iyalinsa ba. Wasu suka koma rubuta 'yar takarda suna ba direba. Wanda ya karɓi irin wannan takarda a lokacin ya san daɗin abin da Karin Magana 25:25 ta kwatanta da ruwan sanyi a bakin mai ƙishi. Wanda muka aika yana iya zama cikin irin wannan shiru shekara da shekaru, alhali layi yana nan, mu ne ba mu kira ba.

Saboda haka ka rubuta. Daga cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, 21 wasiƙu ne, don haka kada wani ya ce maka rubuta wasiƙa ƙaramin aiki ne. Saƙon murya a WhatsApp yana da kyau, ka aika. Amma takarda ba ta bukatar caji, ana sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, a ɗauko ta a sake karantawa ranar da zuciya ta karaya. Kada ka cika ta da wa'azi, wanda kake rubuta wa ya san Nassi. Abin da ba shi da shi shi ne labarin gida. Gaya masa yadda damina ta yi, ko gero ya yi kyau, wa ta haihu, wa aka yi wa baftisma, wace aya fasto ya buɗe ranar Lahadi. Ambaci sunayen mutane, kamar yadda Bulus ya cika Romawa sura 16 da sunaye. In akwai rasuwa ko hari, faɗa masa gaskiya da hikima, kada ya ji a bakin baƙo. Kuma ina roƙonka, kada tambayarka ta fari ta zama rayuka nawa ya kawo. Akwai wuraren da mutum zai yi shekara biyar yana shuka bai ga tsiro ba. Tambaye shi lafiyarsa, da ta matarsa, da karatun yara. Tsofaffin da ba su iya rubutu ba su faɗa, matasa su rubuta musu.

A yi hankali da abin da ake sa wa a takarda. Kada a rubuta sunan sabon mai bi, kada a zagi addinin kowa ko gwamnatin ƙasar da yake zaune. Wasiƙa tana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba. A Janairu 2015 an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Kalmar da kai ka rubuta cikin sakaci, shi ne zai ɗauki nauyinta.

Game da kaya, a tambaye shi tukuna. Bulus ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Wanda ke Maraɗi ba ya bukatar kuka da daddawa, kasuwarsu cike take da su, kilishi ma su ne za su koya mana. Wataƙila gidan sauro yake nema, ko fitila mai caji da rana, ko littattafan yara, ko takalmi. Wanda ya yi nisa da ƙasar Hausa kuwa, ƙullin yaji da busasshiyar kuɓewa da garin kunu suna iya sa shi hawaye. In ƙasar Turai ce ko Amurka, kada a sa nama, dokarsu ta hana, za a ƙwace. In kuɗi ne, a tuna naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, abin da ya ishe shi a da in an canza zuwa sefa yanzu bai kai ba.

Sai maganar mai ɗauka. Hanyar Zurmi zuwa Jibiya ba hanyar wasa ba ce, iyakar Nijar ma an rufe ta daga Agusta 2023 har Maris 2024. Kada a tura yaro cikin haɗari don a nuna bangaskiya. A nemi amintaccen direba ko ɗan kasuwa da ya saba bin hanyar. Sau da yawa maƙwabcinmu Musulmi ne, yakan kai amana har ƙofar gida. A biya shi hakkinsa, a gode masa, a sa shi cikin addu'a. Bulus ya umarci Filibiyawa su girmama Abafaroditas da irinsa. Dattawa su zaɓi mutum ɗaya a ikkilisiya da zai riƙa tara wasiƙu da kaya kowane wata uku, don kada kowa ya zaci wani ya riga ya aika.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, muna kawo gabanka 'ya'yanmu da ke hidima a Nijar da Cadi da sauran ƙasashe. Ka san sunan kowannensu, ka san ɗakin da yake kwana. Ka warkar da mai zazzaɓi, ka ƙarfafa wanda ya gaji. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka sa sunan mutum ɗaya a zuciyata yau, kada ka bar ni in kwanta ban rubuta masa ba. Ka kiyaye direbobi da 'yan kasuwa da ke ɗaukar saƙonmu, ka kawo salama a hanyoyin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda. A cikin sunan Yesu. Amin.