Barcin Matafiyi Amana Ce

Hausawa kan ce barci ƙanin mutuwa ne. Mai barci ba ya iya kare kansa ko jakarsa, bai ma san wanda ke tsaye a kansa ba. To me zai sa mutum mai hankali ya shiga tarago tare da mutanen da bai taɓa gani ba, ya cire takalmi, ya ja bargo, alhali ana gudu da shi cikin duhu? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba tare, ya 'yan'uwana ɗalibai.

A nan Landan akwai jirgin ƙasa mai suna Caledonian Sleeper, wanda ke tashi daga tashar Euston zuwa Scotland kowane dare ban da daren Asabar. A cikinsa akwai ɗakuna masu gadaje, wasu har da banɗaki da wurin wanka. Wanda ke zuwa arewa mai nisa kan bar Landan bayan ƙarfe 9 na dare. Idan ya isa Edinburgh dare ya riga ya raba, sai a kasa shi uku: kashi ɗaya ya nufi Inverness, ɗaya Aberdeen, ɗaya Fort William. Duk wannan aiki ana yin sa ne masu ɗakunan suna sharar barci. Da safe a miƙo musu shayi, su leƙa taga su ga duwatsu.

Mai karatu zai iya cewa ai kuɗi ne suka sayi wannan hutu. Gaskiya ne kuɗi sun sayi katifa da bargo. Amma abin da ya sa ido ya rufu shi ne sakankancewa cewa wasu idanu a buɗe suke: direba, mai kula da sigina, masu kwance taragu da ɗaura su cikin sanyi, da wanda ya duba layin dogo tun da rana. Fasinja bai san sunan ko ɗayansu ba, su ma ba su san shi ba. Da ɗayansu zai yi ha'inci babu wanda zai gan shi a lokacin, amma bai yi ba. Wannan ita ce amana.

Kakanninmu sun san haka. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro daga Kano sukan shafe watanni a hanya ƙarƙashin madugu. In an sauka zango, wasu su kwanta, wasu su yi gadi. Bambancin shi ne bafatake ya san fuskar mai gadinsa, fasinjan yau kuwa ya dogara da tsari da kuma mutuncin baƙo.

Mu ma muna da dogo. Ya isa Kano tun 1911, kuma iyayenmu sun sha kwana cikin jirgi tsakanin Legas da Kano. Sai dai a daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka sace fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a Oktoba. Taragun na zamani ne, kujerun masu taushi, akwai na'urar sanyi. Da yawa cikin fasinjojin ma gudun hanyar mota ne ya kai su. Taushin kujera bai hana komai ba.

Darasin namu ne. Yawancinmu kan koma gida da labarin abin da muka gani: tsabta, hasken lantarki, jirgi mai gado. Gwamnati na iya cin bashi ta sayo duk waɗannan, amma ba a sayo mutumin da zai yi aikinsa daidai da ƙarfe 3 na dare babu mai kallonsa. Gobe mu ne injiniyoyi da likitoci da akantoci, wasu za su yi barci bisa sa hannunmu. Kuma halin yana farawa tun yanzu, a kan binciken da za ka iya kwafa ba a gane ba, da aikin daren da kake yi don biyan haya.

Kowa ya tambayi kansa: in ni ke riƙe da sigina, zan yarda mahaifiyata ta kwanta a wannan jirgi? Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.