Ka San Sunan Kakarka?

Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, ku buɗe wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 1, aya 5. Bulus yana cikin kurkuku, ya san ƙarshensa ya yi kusa, amma da ya tuna da Timoti sai ya ambaci kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki, kowace da sunanta. Ya shaida kuma a wurin tsohuwar aka fara ganin bangaskiyar da ya ke gani ga yaron. Bulus baƙo ne a Listira, duk da haka ya san sunan kakar wani, ya san halinta. Ni kuwa na wuce shekara 30 ban san sunan tawa ba.

Ni mutumin ƙasar Illo ne, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, kusa da iyakar Benin. Iya mu ke ce da ita. Ta kan kira ni maigida, ni kuma in ce matata ta tsufa zan sake ta, kamar yadda jika da kaka su kan yi wasa ko'ina. Amma wasa ba sani ba ne. Abin da na sani game da ita abu biyu ne kaɗai: marowaciya ce, ba ta kuwa zuwa sujada. Ko ƙwayar dawa ɗaya ta faɗi sai ta tsince. Tana da tukunya ƙarƙashin gado inda ta ke tara ƙanzo, ba mai taɓawa. Da na komo daga makarantar Littafi Mai Tsarki na dinga yi mata wa'azi da zafi. Ta kan saurara har in gaji, kana ta ce, "Maigida, ka gama?" ta miƙo mini gyaɗa. Sai na ce a raina zuciyarta ta taurare.

A watan Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Cikin kwanakin nan Iya ta kwanta ciwo, ta dinga tambaya ko ƙanwarta za ta sami hanyar zuwa daga wajen Segbana. Ran nan na fara jin tana da ƙanwa. Kunya ta kama ni. Na ajiye wa'azina, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, na ce, "Iya, a ina aka haife ki?"

Ashe a hayin iyaka ne, sa'ad da a ke kiran ƙasar Dahome, gama sai 1975 aka sa mata suna Benin. 'Yar kabilar Boko ce. Tun 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Borgu, Illo ta faɗa hannun Ingila, dangi suka zama rabi nan rabi can. Ta yi dariya ta ce ranar da aka kawo ta aure ta duba ƙasa sosai, ba ta ga wani layi ba.

Sa'an nan ta zo kan farin 1973 da 1974. Hatsi ya ƙare a gidan kakana. Ta kan tashi da dare ta bi daji zuwa wurin 'yan'uwanta, ta ɗauko dawa a ka. Ta yi haka sau da dama. A tafiya ta ƙarshe ta iske an riga an binne autarta. Uwata ba ta taɓa gaya mini tana da ƙanwa ba, Iya ma ba ta ƙara kiran sunan yarinyar ba sai ran nan. Tukunyar ƙanzon da mu ke yi wa ba'a, tun shekarar ta fara ajiye ta, domin kada yaro ya sake kwana da yunwa a gidanta.

'Yan'uwa, doka ta biyar ta umurce mu mu ba iyaye girma. Mu kan ɗauka mun cika ta in mun sayi zane da sabulu ran Kirsimati. Amma yaya za ka girmama wanda ka yanke wa hukunci ba ka ji labarinsa ba? Na kira ta marowaciya, ga shi kuwa dawar da ta ɗauko a ka ita ta rayar da uwata. Matasa, kuna da waya a aljihu, kun san labarin Amurka, amma kakarku tana zaune a ɗakin baya ba wanda ya tambaye ta garinsu. Ku tafi ku zauna. Kada ku fara da wa'azi. Ku tambaye ta sunanta na yanka, da sunan uwarta, da 'ya'yan da ta binne.

Na tambaye ta kuma don me ba ta zuwa sujada. Ta ce da Hausa ta ke ciniki a kasuwa, amma da Boko ta ke kuka, ba wanda ya taɓa yi mata zancen Yesu da harshen da ta ke kuka da shi. Ba ni da amsa. Shekara nawa ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ce.

Da ciwo ya yi nauyi Hausar ma ta fara kuɓuce mata. Na nemo wani dattijo mai bi wanda ya ke jin Boko, na roƙe shi ya ba ta labarin Rut. Kun san shi: mutuniyar Mowab wadda ta bar ƙasarsu ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ta yi kalar hatsi a gonar Bo'aza domin su ci, ta haifi Obida kakan sarki Dawuda, har Matiyu ya rubuta sunanta cikin asalin Ubangijinmu. Iya ta saurara shiru. Da aka zo wurin kalar hatsi sai ta gyaɗa kai. Ya gaya mata kuma wane ne aka haifa daga zuriyar nan, da abin da ya yi dominta a kan gicciye, ya yi addu'a da Boko, ta ce amin. Abin da ya wuce tsakaninta da Ubangiji, shi ne ya sani, ba zan ƙara gishiri ba.

Da ya tashi tafiya ta kama bakin rigarsa, ta tambaye shi ko Rut ta taɓa komawa Mowab ta ga uwarta. Dattijon ya ce Littafi bai faɗa ba. Ƙanwarta ta iso ta hanyar daji bayan kwana 3 da jana'iza, na ba ta tukunyar.