Zinariyar da Ta Iso Bayan Shekara Goma Sha Biyu

Tun shekarar 1952, lokacin da Nijeriya take ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila, take aika 'ya'yanta zuwa wasannin Olamfik. Daga gasar birnin Helsinki ta wannan shekara har zuwa ta Faris a 2024, sau ɗaya kaɗai aka yi babbar gasar ba tare da ita ba. Sai da ta jira shekara 12 kafin Nojim Maiyegun ya samo mata lambar tagulla a dambe a Tokiyo, ta kuma jira shekara 44 kafin ta ga zinariya, wato a Atlanta a 1996, inda Chioma Ajunwa ta yi nasara a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu kuma suka ci Ajantina uku da biyu. A Landan a 2012 da Faris a 2024 hannu rabbana tawagar ta dawo. Zinariya uku ke nan duka a cikin shekara fiye da saba'in.

Mai lissafi zai ce wannan ciniki babu riba. Idan lamba ce kaɗai abin nema, yana da gaskiya. Amma akwai abin da ya faru a birnin Sidni a shekarar 2000 wanda ya kamata mu dakata a kansa kafin mu yanke hukunci.

A tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400, 'yan Nijeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu, Amurka ta zo ta ɗaya. Aka rataya musu azurfa, aka ɗaga tutar wata ƙasa sama da tasu, aka buga taken wata ƙasa. A 2008 ɗaya daga cikin 'yan tseren Amurka, Antonio Pettigrew, ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari. Aka karɓe zinariyar, amma sai a watan Yulin 2012 aka tabbatar wa Nijeriya da ita. Kafin nan Sunday Bada ya riga mu gidan gaskiya, a watan Disambar 2011.

Mun saba cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, muna kwantar da hankalinmu da cewa mai gaskiya zai ga sakamakonsa. To, ga wanda bai gani ba. Wa zai mayar masa da ranar da ya kamata ya tsaya a bisa, jama'a suna tafa masa? Babu. Wannan rashi ne na ainihi, kada mu rufe shi da daɗin baki. Idan dalilin riƙon gaskiya shi ne ladan da za a karɓa a gaban mutane, Bada ya yi asara.

Amma mu lura da kyau. Hukuncin 2012 bai ƙara ko taku ɗaya a kan gudun da aka yi ba. Tun ranar da aka yi tseren, waɗannan huɗu su ne suka yi nasara. Duniya ce ta makara wajen sani. Ashe darajar aiki tana cikin aikin kansa, tun kafin alƙali ya buɗe baki, ko da kuwa bai taɓa buɗewa ba. Wanda ya riƙe zinariyar shekara takwas kuwa, lamirinsa ya san ba tasa ba ce tun daga ranar farko.

Wannan ma'auni ne ya sa rashin halartar 1976 bai zama abin kunya ba. A wannan shekara Nijeriya da ƙasashen Afirka fiye da ashirin sun janye daga gasar Mantiriyal, domin an ƙi hana ƙasar Niyu Zilan shiga, alhali 'yan wasanta na rugbi sun je wasa a Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata. Matasan da suka yi shekaru suna shiri sun koma gida ba su yi gudu ba, wasunsu kuma ba su sake samun dama ba. Da su aka biya kuɗin wannan matsayi, ya kamata a riƙa tunawa da su.

Ma'aunin kuma bai kyale mu ba. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021, an hana 'yan wasan Nijeriya goma shiga saboda ba a cika musu sharuɗɗan gwajin magunguna ba, aka kuma dakatar da wata shahararriyar 'yar tserenmu a tsakiyar gasar. Wanda ya yi murna da tonon asirin wani, dole ya yarda a auna shi da mudu ɗaya.

Saboda haka, iyaye da malamai, sa'ad da yaro ya dawo daga jarrabawa ko daga fili, kada tambayarmu ta tsaya ga na nawa ya zo. Mu tambaye shi yadda ya samu. Yaron da ya ga ana yabon sakamako kaɗai, zai koyi neman sakamako ta kowace hanya. Wanda aka nuna masa cewa na biyu da gaskiya ya fi na ɗaya da maguɗi, shi ne za a iya ba wa amanar kuɗin jama'a gobe, ko babu mai dubansa.