Mai Rubuta Wa Yara, Da Me Zai Ci Tuwo?



Yau tambaya ce gare ni, ina so kowacce ta ba kanta amsa tsakaninta da zuciyarta. Littattafai nawa kika karanta a bara, na takarda ne ko waɗanda ake turowa a waya? To a cikinsu guda nawa ne kika saya domin ɗanki ko ƙanwarki mai shekara bakwai? Ba tsiya nake nema ba. So nake mu gane dalilin da ya sa marubutan soyayya suka cika gari, amma mai rubuta wa yara da mai yi musu zane sai an tona.

Wasu na cewa rubutun yara ƙaramin aiki ne, wai ai tatsuniya ce kawai. Wallahi ba haka ba ne. Babba in labari ya gundure shi yakan daure ya kai ƙarshe, amma yaro ba ruwansa da kara, ajiyewa zai yi ya tafi wasan langa. Dole marubuci ya auna kowace kalma, kada ta yi wa yaron nauyi, kada kuma ta raina masa hankali. Shi ko mai zane, ai shi yaro yake fara karantawa kafin ya san baƙi da wasali. In ya zana rumbu, sai ya zama rumbun da yaron Ajingi ya sani. In ya zana uwa tana daka, sai ɗaurin zaninta da riƙon taɓaryarta sun fito daidai, in ba haka ba yaron zai ce wannan ba Innarsa ba ce.

To me ya sa a da aka samu masu yi? Ku dubi Alhaji Abubakar Imam. Malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, wajen Rupert East na hukumar talifi, ya zauna wata shida ba abin da yake yi sai rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta. Ku lura da kyau: yana rubutu, hukuma ce ke ɗauke da shi. Ba shi ya sayi takarda ba, ba shi ya nemo mai zane ba, ba shi ya ɗauki littafi a ka yana talla ba. Hukuma ta buga, makarantu suka karɓa. Daga baya Kamfanin Gaskiya da NNPC suka ci gaba da irin wannan aiki a Zariya. Haka Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, babban kamfani ya buga masa, aka karanta a firamare. Hazaƙa suna da ita, amma akwai inuwar da suka zauna a ƙarƙashinta.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya. Sai marubuta suka koma buga wa kansu, aka sami ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka yi suna. Wannan abin alfahari ne. Amma wadda ta sayar da awarwaronta ko ta kwashi adashi ta kai maɗaba'a, dole ta yi lissafin abin da zai dawo mata da uwar kuɗinta. Littafin soyayya farar takarda ce da baƙin rubutu, hoto ɗaya a bango ya wadatar. Na yara kuwa yana son hoto kusan kowane shafi, da launi, da takarda mai ƙwari wadda za ta jure hannun yaro. Kuɗinsa ya ninka, ga shi mai karatun ba shi da ko sisi. Ke ce aljihunsa. In ba ki saya ba, wa zai saya?

Mai zane shi ya fi shan wuya. Sau da yawa sau ɗaya ake biyansa, a sake buga littafin sau uku ba a ƙara masa komai ba, sunansa ma sai kin ƙura ido za ki gan shi a lungun hoton. Shi ya sa masu baiwar suke komawa rubutun allon shaguna da zanen bayan manyan motoci, can ne ake biya a hannu. Laifinsu ne? Mai iyali ba ya ciyar da su da yabo.

A nan tambayar take. Wasu za su ce aikin yara aikin lada ne, a yi shi kyauta. Ni ban yarda ba. Muna biyan mai kitso, muna biyan tela ya ɗinka wa yaro kayan sallah da zai fi ƙarfinsu kafin shekara ta zagayo. Don me wanda zai ɗinka wa hankalin yaro sutura shi za a ce ya yi haƙuri? Duk sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, 'ya'yansa ba za su gada ba, rannan sai a wayi gari babu ita.

Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, muna fama da na cefane kina maganar littafi?" Gaskiyarki, ciki shi ne gaba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai gidajen da ba a rasa kuɗin anko da na katin waya. Littafi ɗaya a zangon karatu ba zai hana tukunya tafasa ba, kuma yara biyar za su gaje shi. Wadda ba ta da hali, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: matan gida huɗu su haɗa su saya, ya riƙa zagayawa kamar yadda muke aron na soyayya.

Kuma labaran ba nisa suka yi ba. Tarihin baka ya ce maƙeri ne ya taso daga Gaya yana neman tama har ya sauka a gindin Dala, zuriyarsa su ne Abagayawa. Yara nawa ne a Gaya suka taɓa riƙe littafi mai hoton wannan maƙeri da zugazuginsa? Tsofaffin ƙauyukan Ajingi cike suke da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kuma kowace tsohuwa da ta kwanta dama, da nata take tafiya. Ke da kika gama sakandare kina zaune a ɗaki, samo littafin rubutu ki zauna gaban Kaka ki rubuta yadda ta faɗa. Ki karanta wa ƙannenki, inda suka fara hamma ki gyara. Yaron nan da ake duka don ya cika bayan littafinsa da zanen doki da mota, ki daina cewa shiririta yake yi, saya masa fensir mai launi. In kuma Allah Ya sa kin kai ga bugawa, ki biya mai zane haƙƙinsa, ki sa sunansa a bango kusa da naki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai saba da littafi yana ƙarami ba, da wuya ya so shi da girma, kuma ranar nan mu masu rubuta wa manya ma za mu rasa mai karanta mu.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu ga amfaninsu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.