Hasashen Damina da Tawakkalin Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kafin faɗuwar damina, masana a cibiyar Agrhymet ta Yamai sukan fitar da hasashen ruwa. Manomin Sae Sabuwa yakan saurara, ya auna: ya yi binne ko ya jira? Muridi ba ya ƙaryata masana, kuma ba ya jingina zuciyarsa gare su. A Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya hana danganta ruwan sama ga tauraro. Hasashe sababi ne, Mai saukarwa Allah ne.

Bayan farin 1984, manoman Maradi suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu, ƙasa ta farfaɗo. Wannan shi ne tawakkali: riƙon sababi tare da istigfari da sallar roƙon ruwa.

Allah Ya ba da damina mai albarka, alfarmar Annabi.