BA A FAFE GORA RAN TAFIYA: TANADIN MAI BI KAFIN KIRSIMETI

Wurin karatu: Farawa 41:33-36, Luka 14:28-30, 1 Korantiyawa 16:1-2

Ga shi damina ta juya mana baya, doya ta fara cika kasuwannin Paiko da Gwada, ba da jimawa ba kuma hunturu zai sauko, yara su soma tambayar iyayensu wane irin kaya za a ɗinka musu bana. Na ga ya kamata mu yi wannan magana tun yanzu da sauran lokaci, gama Hausawa sun ce ba a fafe gora ran tafiya.

Abin da ya sa na zaɓi wannan kan magana shi ne wani abu da na gani da idona. A cikin wani watan Janairu, wani ɗan'uwa ma'aikaci ya zo gidana da dare, ya zauna ya yi shiru har na zaci rasuwa aka yi. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce an koro 'ya'yansa uku daga makaranta saboda kuɗin zango na biyu, mai gidan haya kuma ya ba shi wa'adi. Wannan mutum ba rago ba ne, ba ya kuma shan giya. A watan Disamba ya ɗinka wa iyalinsa duka kaya iri ɗaya, ya sayi akuya, ya ɗauki shatar mota zuwa ƙauyensu domin kada a ce bai zo da komai ba. Da albashi ya kāsa, sai ya ci bashi wurin masu ba da rance ta waya. Da ranar biya ta wuce, suka shiga aika wa mutanen da lambobinsu ke cikin wayarsa saƙon cin mutunci, har da surukinsa. Murnar kwana biyu ta jawo masa kunyar da ya yi wata shida yana fama da ita. Na tabbata a kowace ikilisiya akwai irinsa, sai dai ba kowa ne yake zuwa ya faɗa ba.

ZAMANIN DA MUKE CIKI

Mu mazauna Minna ba ma bukatar a ba mu labarin tsadar rayuwa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A ranar 5 ga Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan yunwa, labarin ya bazu ko'ina a ƙasar. A watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, buhun shinkafa kuwa ya kai wajen naira 100,000. Gaskiya ne gwamnatin Jihar Neja ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 80,000 a 2024, amma duk wanda ya riƙe wannan kuɗi ya shiga Kasuwar Kure ya san inda ƙarfinsu ya tsaya. Manomi da ɗan acaba da mai sayar da ƙosai kuwa ba su da albashin da za a ƙara musu.

A kan wannan nauyi ne watan Disamba yake ɗora nasa. Dukanmu mukan ruga kasuwa a mako guda muna neman kaya iri guda, saboda haka mai kaza da mai shinkafa sukan ƙara farashi. Direba yakan ninka kuɗin mota domin ya san zai tafi cike ya komo wayam. Tela yakan karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, ya ƙara kuɗi, ya kuma saɓa alkawari. Wanda ya jira sai ranar 22 ga wata, da kansa ya zaɓi ya saya da tsada.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

A Farawa sura 41, bayan Yusufu ya fassara mafarkin Fir'auna, bai tsaya ga fassara kaɗai ba. Ya ba da shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi, a tara a birane domin shekaru bakwai na yunwa. Allah ne ya bayyana abin da ke zuwa, amma hannuwan mutane ne suka auna hatsin suka zuba a rumbu. Mu ma ba ma bukatar mafarki kafin mu san abin da ke gabanmu. Mun sani Kirsimeti tana ranar 25 ga Disamba, mun kuma sani makarantu za su buɗe a Janairu. Babu ɗayansu da yake zuwa ba zato.

Sulemanu ya aiki rago wurin tururuwa ya koyi hikima, domin ba ta da shugaba mai tsaya mata a kai, duk da haka tana tara abincinta da kaka (Karin Magana 6:6-8). Ubangijinmu kuma ya kawo misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, don kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa, masu wucewa su yi masa ba'a. Ko da yake a kan tamanin zama almajiri yake magana, ya ɗauki misalin ne daga abin da kowane mai hankali yake yi. Bayan ya ciyar da mutum dubu biyar ma, sai da ya umarci almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwando goma sha biyu (Yahaya 6:12-13). Idan wanda yake da ikon ninka gurasa bai yarda a zubar da saura ba, ina dalilinmu na dafa abin da za mu kwashe mu zubar a bola ranar 27 ga wata?

Wani zai ce, “To, ashe Yesu bai hana mu damuwa da gobe ba?” Hakika ya hana, a Matiyu sura 6. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Damuwa ita ce zuciyar da ta manta tana da Uba a sama. Shiri kuwa aikin wakili ne mai aminci wanda ya san dukiyar da ke hannunsa amana ce. A gaskiya ma, a cikin aikin kiwon garke na lura cewa waɗanda ba su yi shiri ba su ne damuwa take hana wa barci.

INA KUƊIN SUKE ZUBEWA?

Yawancinmu mukan ce ba mu da abin da za mu ajiye. Ga wasu, wannan gaskiya ce tsantsa, ba kuwa su nake tuhuma ba. Amma ga masu yawa, tulun yana yoyo ne ta ƙananan huji. Bari in ambaci kaɗan.

Na fari, anko. A ƙarshen shekara bukukuwan aure sukan yi yawa, kowace ƙungiya kuma tana so ta fitar da zanenta. Mace ɗaya sai ta sayi anko uku ko huɗu a wata biyu, alhali akwatinta cike yake. Ina roƙon shugabannin Zumuntar Mata da na mawaƙa da na matasa su ji tsoron Allah a kan wannan. Akwai gwauruwar da take daina zuwa sujada a Disamba domin ba ta da zanen da aka fitar.

Na biyu, waya. Kuɗin kati da na data sun zama kamar kuɗin cefane a gidaje da yawa, galibi kuwa kallon abin da ba ya ƙara mana komai ake yi da su.

Na uku, caca da sha. Matasanmu da dama suna zuba kuɗinsu a cacar ƙwallo da begen za su ci kafin biki. Mai gidan caca ba ya buɗe shago domin ya yi hasara. Wasu magidanta kuma abin da suke bari a mashaya a mako ɗaya ya isa kuɗin littattafan yaro.

Na huɗu, gasa. Maƙwabci ya yanka rago, ni ma sai na yanka. Wannan ita ce babbar cutar, domin ita take haifar da sauran. Kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Ku yi wannan lissafi da ni. Daga 1 ga Oktoba zuwa 24 ga Disamba kwana 85 ne. Wanda ya toshe hujin naira 200 a kowace rana zai sami naira 17,000. Wanda ya toshe na naira 500 zai sami 42,500. Ba wani ne ya ba shi ba, kuɗinsa ne da a dā suke sulalewa bai sani ba.

MATAKAN DA ZA MU ƊAUKA

1. Miji da mata su zauna tare su yi addu'a, su rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita. Ɓoye wa juna samu yana rushe gidaje da yawa. A kira manyan yara a gaya musu gaskiyar abin da iyali za su iya bana.

2. A fara ware na Ubangiji, sa'an nan kuɗin makaranta da na haya na Janairu. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki. Kada a juya wannan jeri.

3. A sayi abin da ba ya lalacewa tun da kaka, lokacin da hatsi da doya suke da sauƙi: shinkafa, wake, masara, manja da man gyaɗa. A kai wa tela ɗinki tun Oktoba. Kayan da suke da kyau har yanzu, a wanke a goge, ba zunubi ba ne a sa su ran Kirsimeti.

4. A haɗa kai. Gidaje goma suna iya yin watanda, su sayi saniya ɗaya su raba. Mai ɗan fili a gida yana iya sayen 'yan tsakin gidan gona a ƙarshen Oktoba, cikin mako bakwai ko takwas sun isa yanka.

5. A ajiye kuɗin inda hannu ba ya saurin kaiwa: asusu, ko banki, ko adashi tare da amintattun mutane da aka sani. A guji masu alkawarin ninka kuɗi. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kuma rufe asusun mutane a Disamba 2016, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. A Afrilu 2025 CBEX ta sāke yin irin wannan. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

6. Kada a ci bashi domin biki. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi rance, 2 Sarakuna sura 4 kuma ta nuna mana matar wani annabi da mijinta ya rasu ya bar bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Bashi domin asibiti wani abu ne, amma bashi domin shinkafa da lemo wauta ce.

DON ME MUKE TANADI?

A nan sai mu yi hankali, gama tanadi yana iya rikiɗewa ya zama rowa. Mai arzikin nan na Luka sura 12 shi ma ya tara, har ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, amma Allah ya kira shi wawa, domin kansa kaɗai ya sa a lissafi. Hatsin Yusufu kuwa ya ceci Masar, ya ceci ƙasashen kewaye, ya ceci 'yan'uwan da suka sayar da shi. Manzo Bulus ya umarci Korantiyawa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, domin tsarkaka matalauta na Urushalima, don kada sai ya iso a shiga kame-kame. Ashe ko bayarwa ma sai da shiri.

Mabukata ba su yi nisa da mu ba. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi, wasunsu suna raɓe a gidajen dangi a Maitumbi da Bosso da Chanchaga. Akwai waɗanda ambaliyar Mokwa ta ranar 29 ga Mayu 2025 ta cinye musu gidaje da 'yan'uwa, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Akwai marayu da gwauraye a kan bencin da muke zama ran Lahadi. Akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi waɗanda suke aiko mana da nama da Sallah, mu ma muke aika musu da abinci da Kirsimeti. Wannan kyakkyawar al'ada ce, kada tsada ta kashe ta. Nehemiya ya gaya wa jama'a su ci su sha a ranar idi, su kuma aika wa waɗanda ba su da komai rabonsu (Nehemiya 8:10). Saboda haka ba ina cewa a daina murna ba ne. A dafa shinkafa, a soya nama, yara su yi farin ciki. Amma kuɗin anko na uku da muka haƙura da shi zai iya zama tukunyar wani gida.

KAMMALAWA

Mu tuna da wanda muke bikin haihuwarsa. A komin dabbobi aka kwantar da shi a Baitalami. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu suka miƙa (Luka 2:24), wadda bisa ga Littafin Firistoci 12:8 ita ce hadayar wadda ba ta da halin sayen ɗan rago. Ba su ci bashi domin su burge firist ba. Sun kawo abin da suke da shi, Allah kuwa ya karɓa. Idan iyalin da suka goyi Mai Ceton duniya ba su ji kunyar tattabara ba, kada mai bi a Minna ya ji kunyar kaza ɗaya.

Ɗan'uwan da na ba ku labarinsa ya gama biyan bashinsa. A shekarar da ta biyo baya shi da matarsa suka fara ajiya tun Satumba, suka yi biki daidai ƙarfinsu, 'ya'yansu kuma suka koma makaranta a ranar farko. Ina roƙonka, mai karatu, kada ka ajiye wannan mujalla sai ka ɗauki takarda da alƙalami, ka kira iyalinka, ku fara lissafi yau.

Ubangiji ya ba mu hikimar Yusufu, da wadar zuci, da hannu mai bayarwa, ya kuma kai mu Kirsimeti da sabuwar shekara lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.