Sababi da Tawakkali a Renon Furen Vanda

Malaman tauhidi da masana falsafa sun daɗe suna jayayya a kan alaƙar da ke tsakanin sababi, wato abin da ake yi domin a sami wani abu, da sakamakon da ke biyo bayansa: shin aikin ne da kansa ke haifar da sakamakon, ko kuwa sakamakon halitta ce ta Allah da ke zuwa a lokacin da aikin ya cika? An saba kawo misalin wuta da ƙuna, ko magani da waraka, amma renon furen vanda yana fito da mas'alar fili fiye da waɗannan, domin shuka ce da kusan dukkan bukatunta suke a bayyane ga ido, kuma duk da haka mai renonta ba ya iya sanya mata ranar da za ta yi fure.

Vanda jinsi ne daga dangin furannin da ake kira okid, mai nau'o'i fiye da 70, waɗanda asalinsu dazuzzukan Indiya da gindin tsaunukan Himalaya da kudu maso gabashin Asiya ne, har zuwa Filifin da arewacin Ostareliya. A daji galibi ba ta tsirowa a ƙasa. Tana maƙalewa ne a rassan itatuwa kamar yadda kauci ke yi, sai dai kauci yana tsotsar ruwan itacen da ya hau, ita kuwa mazauni kawai take nema, abincinta daga ruwan sama da danshin iska da ruɓaɓɓen ganye yake zuwa. Saiwoyinta masu kauri suna reto a sarari, lulluɓe da wata farar fata mai tsotse ruwa da masana tsirrai ke kira belamen, wadda kan rikiɗe zuwa kore idan ta sha ta ƙoshi, ta koma fari-fari idan ta bushe. Ba ta da kumburarren tushe na ajiyar ruwa irin na wasu 'yan'uwanta, kuma tana girma ne a kan kara guda da ke miƙewa sama, saboda haka ƙishirwa kan kama ta da wuri, kuma idan ruwa ya kwanta a tsakiyar kanta har ya ruɓe, girmanta na iya tsayawa.

Daga wannan halitta sharuɗɗan renonta suka fito. Masu renonta a Tailan, ƙasar da ta yi fice wajen fitar da ita zuwa kasuwannin duniya, sukan rataye ta a ƙaramin kwando mai taga-taga ba tare da ƙasa ba, su jiƙa saiwoyin da safe har su zama kore, su bari iska ta busar da su kafin dare. Tana son haske mai yawa wanda ba zai ƙona ganye ba, da zafin rana tsakanin digiri 25 zuwa 32, da daren da sanyinsa bai sauka ƙasa da 15 ba, da danshin iska na kimanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, da taki mai rauni da ake narkawa a ruwa a ba ta akai-akai. Babban abin da ke hana ta fure a gidaje shi ne ƙarancin haske, kuma alamarsa tana jikin ganyen, wanda kan yi kore mai duhu ya yi laushi, yayin da ganyen shukar da ta wadatu da haske yake kore mai sauƙi kuma tsayayye. Idan sharuɗɗan sun cika, balagaggiyar shuka takan fitar da zangarniyar fure daga tsakanin ganyayenta sau biyu ko uku a shekara, furen kuma ya yi makonni bai yanƙwane ba.

Wanda ya dubi wannan tsari zai iya zaton cewa al'amarin lissafi ne kawai, a zuba haske da ruwa da taki a kwashi fure. A nan ne ra'ayin Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, yake da muhimmanci. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya yi bayanin cewa abin da ido ke gani idan auduga ta haɗu da wuta shi ne ƙuna ta faru tare da haɗuwar, amma ido bai ga cewa wutar ce ta ƙaga ƙunar ba, don haka alaƙar ba tilas ba ce a hankalce, tsari ne da Allah ya gudanar kuma yana da ikon saɓa shi. Wannan fahimta ce Shaihu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma ake karanta littattafansa na tauhidi a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya tsara ta hanyar raba hukunci zuwa na shari'a da na hankali da na al'ada, inda hukuncin al'ada yake nufin alaƙar da aka sani ta hanyar maimaituwa, wadda take iya saɓawa. A wannan ma'auni, haske da ruwa sabubba ne na al'ada ga furen vanda, mai halittar furen kuwa Allah ne.

Ibnu Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut da cewa sanin abu shi ne sanin sabubbansa, kuma wanda ya kore tasirin sababi ya rushe ilimi gaba ɗaya, domin kowane abu yana da ɗabi'ar da aka halicce shi da ita, wadda da ita ake bambance shi da waninsa. Tarihin okid ya ba wannan magana ƙarfi. Irin okid ƙanana ne kamar ƙura, ba su ɗauke da guzurin abinci kamar ƙwayar hatsi, kuma masu lambu a Turai sun daɗe suna shuka su ba tare da sun san abin da ya sa yawancinsu ba sa tsirowa ba. A 1899 Noel Bernard na Faransa ya gano cewa irin yana bukatar wani nau'in funfuna da ke shiga cikinsa ya ciyar da shi, sa'an nan a 1922 Lewis Knudson na Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da shi a cikin kwalba mai tsabta idan aka ba shi sukari da sinadaran abinci. Abin da aka ɗauka sa'a ce ashe sababi ne da ba a sani ba, kuma saninsa ne ya sa furen da a da sai masu hannu da shuni ya shiga gidajen talakawa.

Idan aka auna ra'ayoyin biyu a kan mai renon vanda, za a ga cewa saɓaninsu yana kan haƙiƙar tasiri, amma ba su saɓa a kan wajabcin aiki ba, domin Gazali bai taɓa cewa a bar bin tsarin da Allah ya gudanar ba, Ibnu Rushdi kuma bai ce ɗabi'ar abubuwa ta halicci kanta ba. Kuskuren da ya fi yawa a rayuwar mutane bai fito daga ɗayansu ba. Ya fito ne daga gaggawar jingina gazawa ga ƙaddara tun kafin a binciki sababi. Mutumin da ya ajiye vanda a ɗaki mai duhu, ko ya binne saiwoyinta a tukunyar ƙasa har suka ruɓe, sa'an nan ya ce Allah bai nufe ta da fure ba, ya faɗi magana mai gaskiya a wurin da ba nata ba, domin ya mai da ƙaddara mayafin sakacinsa. Tawakkali, wato dogaron zuciya ga Allah, yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi, kamar yadda sanannen hadisi ya koyar, kuma ɗaure raƙumi a nan shi ne sanin halittar shukar da girmama ta.

Akwai kuskure na biyu a ɗaya ɓangaren, wato ɗaukar cewa sanin sababi mallaka ce ta sakamako. Vanda da aka tsirar daga iri takan ɗauki shekaru kafin furenta na farko, kuma ninka mata taki ba ya gajarta wannan lokaci, ƙona mata saiwoyi yake yi. Kwaɗayin samun fure ba tare da jiran lokacinsa ba, ya taɓa yi wa jinsin vanda kansa illa. Shuɗiyar vanda, wadda William Griffith ya gano a tsaunukan Khasi na arewa maso gabashin Indiya a 1837, ta sha kwasa daga daji domin kasuwar Turai har ta yi ƙaranci a mazauninta, abin da ya sa daga baya aka sanya ta ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana. Wanda ya ɗauki kansa mai iko a kan sakamako yakan ƙare da ɓata sababin da sakamakon ya dogara a kai.

Matsayin da ya fi dacewa, saboda haka, shi ne a rarrabe abin da aka ɗora wa mutum daga abin da ba a ɗora masa ba. An ɗora masa neman sani da kyautata aiki da gyara kuskure idan alama ta bayyana a ganye ko saiwa, kuma a kan waɗannan ne ya cancanci yabo ko zargi. Ba a ɗora masa tsaga kara ya fito da fure ba, don haka babu dalilin girman kai idan ya samu, babu kuma dalilin yanke ƙauna idan ya jinkirta bayan an cika sharuɗɗa. Wannan rarrabewa ce ake bukata a tarbiyyar yara da jinyar marar lafiya da koyar da ɗalibi, inda barin sababi da sunan tawakkali yake zama zalunci ga wanda aka ba mutum amanarsa, tilasta sakamako kuma yake zama cutarwa gare shi.